Mahaifina Ya Ce Na Sayar Da Kaina Ga Duniya

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni saurayi ne ɗan shekara 28. A gidan masu bi na taso, mahaifina dattijo ne a ikkilisiyarmu. Shekara biyu ke nan da na sami aiki a wani kamfanin shirya wasan kwaikwayo na talabijin, ina cikin masu rubuta labari. Ba wasannin bishara muke yi ba, labaran rayuwa ne: aure, kishi, cin amana, siyasa, neman kuɗi. Ina son aikin, da shi kuma nake biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu.

Tun ranar da aka nuna wani kashi inda matar aure ta bi wani namiji, aka kuma ga sunana a ƙarshen shirin, gidanmu bai sake zama daidai ba. Mahaifina ya ce na sayar da kaina ga duniya, ya karanta mini 1 Yahaya 2:15, daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Fasto ya ce in dakata da shiga ƙungiyar mawaƙa sai an ga abin da hali ya yi. Yarinyar da nake nema ta ce tana tare da ni, amma na ga alamar iyayenta sun fara ja da baya. Abokan aikina kuwa cewa suke in rabu da mutanen coci, kansu a kulle yake.

Gaskiyar magana, akwai wuri guda a wancan kashin da ni kaina ban so ba. Mai shirya wasan ne ya ce in ƙara gishiri don masu kallo su ƙaru, na kuwa ƙara. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Baba, in bar aikin ne? Ko mai bi zai iya zama a irin wannan wuri bai yi zunubi ba?

Ɗanka cikin Ubangiji.

Ɗana, alherin Ubangiji ya tabbata a gare ka. Sau biyu na karanta wasiƙarka, abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne inda ka ce gaisuwa kaɗai ke haɗa ka da mahaifinka. Gida ɗaya, sujada ɗaya, amma magana ta yanke. Wannan ciwo ne, kada ka yi kamar ba ka ji ba. Na kuma lura da abin da ka ajiye sai ƙarshe, wanda ka ce ba ka gaya wa kowa ba. Zan dawo kansa, don a ganina nan kan zaren yake.

Mu fara da mahaifinka, tunda shi ne babba. Kada ka bari abokan aikinka su koya maka raina shi. Mutumin nan ba ƙiyayya ce ta sa shi yin shiru ba, tsoro ne. Ya ga 'ya'yan wasu da suka fara da "ai aiki ne kawai", yau ko ƙofar coci ba sa kallo. Ya san cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ayar da ya karanta maka kuma tana nan daram a cikin Littafi, ba shi ya ƙirƙiro ta ba: kada mu ƙaunaci duniya ko abubuwan da ke cikinta. Bulus ma ya gargaɗi Romawa a sura 12 aya 2 kada su biye wa zamanin nan. Ban da haka, shi dattijo ne. Duk ranar Lahadi yana zaune a gaba, ya san idanu suna kansa, ya san abin da ake faɗa in ya ba da baya.

Ba shi kaɗai ba ne ya taɓa tsayawa inda ya tsaya. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, malamin ikkilisiya a birnin Kartej na Afirka ta Arewa, ya rubuta littafi sukutum yana hana masu bi zuwa gidajen wasa. Shi ne kuma mai tambayar nan da ta shahara, wai mene ne haɗin Atina da Urushalima, wato hikimar Girkawa da bangaskiyar masu bi. A 1642 majalisar Ingila, wadda masu tsantsenin addini suka yi ƙarfi a cikinta, ta rufe gidajen wasan kwaikwayo na Landan, ba a sake buɗe su a hukumance ba sai 1660. Ka ga ke nan ra'ayin mahaifinka yana da kakanni.

Sai dai ka buɗe Yahaya 3:16 ka ajiye ta kusa da waccan ayar. A ɗaya an ce kada mu ƙaunaci duniya, a ɗayar an ce Allah ya ƙaunaci duniya har ya ba da makaɗaicin Ɗansa. A Girkancin da aka rubuta su, kalma ɗaya ce a wurare biyun. Saboda haka dole akwai duniyar da ake gudu, akwai kuma wadda ake shiga saboda ƙauna. Aya ta 16 ta 1 Yahaya 2 ta faɗi wadda ake gudu: sha'awar jiki, sha'awar ido, da alfarmar banza. Waɗannan ukun ba su da adireshi. Suna shiga ɗakin shirya fim, suna kuma shiga taron dattawa. Da Yesu yake yi wa almajiransa addu'a a Yahaya 17, bai roƙi Uba ya ɗauke su daga duniya ba, ya roƙa a kiyaye su daga Mugun, ya kuma ce yadda aka aiko shi cikin duniya haka shi ma ya aike su.

Mu da ake kira masu bishara mun daɗe muna wannan gardama a tsakaninmu. A Amurka, bayan shari'ar da aka yi wa wani malamin makaranta mai suna John Scopes a jihar Tenesi a 1925 kan koyar da ra'ayin juyin halitta, jaridu suka mai da masu riƙo da Littafi abin dariya. Da yawansu suka ja jiki, suka gina makarantunsu da gidajen rediyonsu, suka bar wa wasu jami'o'i da jaridu da harkar fasaha. A 1947 wani masanin tauhidi daga cikinsu, Carl Henry, ya fito ya ce lamirinsu bai kamata ya kwanta ba, domin sun riƙe bisharar gaskiya amma ba su da abin cewa a kan yaƙi, wariyar launin fata da zaluncin da ke gaban idonsu. Aka yi ta tafiya har zuwa watan Yulin 1974, lokacin da Billy Graham ya kira taro a birnin Lozan na Suwizalan, mutum sama da 2,000 daga ƙasashe kusan 150. Wani fasto ɗan Ingila, John Stott, shi ne ya jagoranci rubuta alkawarin da aka fitar, sashe na 10 kuma a kan al'ada yake. Ga ma'anarsa a taƙaice: tunda Allah ne ya halicci mutum, akwai kyau da nagarta a cikin al'adunsa, tunda mutum ya faɗi, zunubi ya taɓa dukkansu, wasu ma na aljanu ne, don haka kullum da Littafi za a gwada al'ada. Byang Kato, ɗan Najeriya, yana cikin waɗanda suka yi jawabi a taron. An fi saninsa da kashedi a kan gauraya bishara da abin da ba ita ba, amma shi ɗin ne kuma ya nace cewa a bar bishara ta yi magana da harshen mutane da salonsu.

Wannan sashe na 10 ya faɗi wani abu kuma da ba mu cika son ji ba: wani lokaci ikkilisiyoyi kan zama bayin al'ada maimakon bayin Littafi. Misali ɗaya ya isa. A 1845 'yan Baftis na kudancin Amurka suka ware suka kafa tasu ƙungiya, a kan batun ko mai bayi zai iya zama ɗan mishan. Mutane ne masu tsantseni a idon zamaninsu, amma duniya tana zaune a kan bencinsu ba su gan ta ba. Sai a 1995 ƙungiyar ta fito fili ta nemi gafara. Ba don ka sami makamin jifan mahaifinka na kawo wannan ba, kada ma ka kai masa shi. Na kawo ne don ka san cewa ko da ka ajiye aikin gobe ka koma ƙungiyar mawaƙa, yaƙin da kake ciki zai bi ka har can.

Yanzu ga Daniyel, wanda a ganina ya fi kowa kama da kai. Saurayi ne aka kwashe zuwa Babila, aka sa shi makarantar sarki shekara uku yana koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, littattafan da gumaka suka cika. Ya koya, har ya fi 'yan ƙasar. Aka canza masa suna zuwa Belteshazzar, sunan da ke ɗauke da gunkin Babila, bai tayar da rigima ba. Ya yi wa sarakunan arna aiki har tsufansa. Amma sura 1 aya 8 ta ce ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Ka lura da lokacin ƙudurin: tun kafin a saba, tun ran gini ran zane. Ka lura kuma da yadda ya bi da maganar. Bai kifar da akushi ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya nemi izini cikin ladabi, da ya ga shugabansu yana tsoron sarki sai ya kawo mafita: a gwada mu kwana goma a gani. Bulus ma da ya shiga Atina, Ayyukan Manzanni 17:16 ta ce ransa ya ɓaci ganin gumaka ko'ina, amma da ya tsaya a Tudun Arasa sai ga shi yana kawo baitin mawaƙan Girkawa, cewa mu ma zuriyarsa ne, baitin da asalinsa don gunkinsu Zafsa aka yi shi. Ya karanta su ke nan, ya kuma san inda gaskiya ta ɓuya a cikin maganarsu. Zuciyarsa tana ƙuna, kunnensa a buɗe.

To, labarin matar aure da ta ci amanar mijinta fa, zunubi ne a rubuta shi? In haka ne, sai mu yage 2 Sama'ila 11, inda aka ba da labarin Dawuda da Batsheba ba tare da ɓoye komai ba: kallo daga kan soro, aike, ciki, makirci, kisan Uriya. Sura ta gaba kuma ta nuna abin da labari ke iya yi. Annabi Natan bai shiga fada yana ihun "mazinaci" ba. Tatsuniya ya kawo, ta mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, Dawuda ya fusata ya yanke hukunci da bakinsa, sannan Natan ya ce masa kai ne mutumin. Wannan sana'arka ce, ɗana, kuma sana'a ce mai daraja. Yesu kansa ya yi koyarwa mai yawa da misalai, cikinsu har da ɗan da ya lalatar da gādonsa wajen karuwai da wakilin da ya cuci maigidansa. Ko talabijin ɗin ma ba ita ce matsalar ba. Fim ɗin rayuwar Yesu da aka fitar a 1979 an fassara shi cikin harsuna fiye da dubu, da wuya a ce mahaifinka bai taɓa zama ya kalla ba.

Amma Littafi ya nuna zunubin Dawuda ne har da kuɗin da ya biya: jaririn da ya mutu, takobin da bai rabu da gidansa ba. Bai tsaya yana lasa wa mai karatu zuma a baki ba. Akwai rubutun da ke sa mai kallo ya ga zunubi ya ji nauyinsa, akwai wanda ke sa ya ji kwaɗayinsa. Kai ka fi ni sanin wanne ka yi a wurin nan da aka ce ka ƙara gishiri. Lamirinka ya yi magana a lokacin, ka danne shi, Romawa 14:23 kuwa ta ce duk abin da ba daga bangaskiya yake ba zunubi ne. Ba zan sassauta maka wannan ba, domin in na sassauta na cuce ka. Mahaifinka ya yi kuskure da ya haɗa aikin gaba ɗaya ya jefar, amma ruwa ba ya tsami banza, hancinsa ya shaƙi wani abu na gaske. Ka kai wannan gaban Ubangiji ka kira shi da sunansa. Wanda ya yafe wa Dawuda ba zai gaza a kan shafi ɗaya na rubutu ba.

Bayan nan ka ɗauki takarda ka rubuta iyakokinka da hannunka, yanzu da babu mai tsaye a kanka. Kada su yi yawa, uku ko huɗu da za ka iya riƙewa ko da za a kore ka. Kai za ka zaɓe su, amma in da ni ne, ba zan rubuta abin da aka tsara don tayar da sha'awa ba, ba zan mai da bangaskiyar kowa abin ba'a ba, ba zan kuma rubuta labarin da ke koya wa yaro cewa cuta ita ce wayo ba. Sai ka nemi mai shirya wasan ku kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka yi masa irin ta Daniyel. Shi masu kallo yake nema, wannan ba laifi ba ne, da su yake biyan albashi. Ka ce masa akwai abin da ba za ka rubuta ba, amma ya ba ka dama ka kawo masa wani salon da zai riƙe mutane a gaban talabijin. Marubuci ya san cewa ƙofar da aka rufe takan fi wadda aka wangale ɗaukar hankali, fuskar mijin da ya gano gaskiya kuma ta fi duk abin da ya faru a ɗakin tsayawa a zuciya. Sai dai fa dole aikinka ya yi kyau ƙwarai. Mai bin da rubutunsa ba shi da armashi ba wanda zai saurari iyakokinsa.

Amsar da zai ba ka ita za ta nuna maka hanya. In ya yarda, ko da da gunaguni, ka zauna. In ya ce ko ka rubuta abin da aka ce ko ka kama gabanka, to wurin ya faɗa maka ko shi wane ne. Ko a nan ma ba na so ka fita da fushi rana ɗaya, akwai ƙanne biyu a makaranta. Ka sa wa kanka wa'adi na 'yan watanni, kana ƙin abin da ka ce ba za ka yi ba, kana neman wata ƙofa: wani kamfanin, wasan rediyo, rubutun talla, shirye-shiryen wayar da kai, koyar da rubutu. Barin kamfani ɗaya ba barin baiwa ba ne. Akwai kuma alamun da za ka riƙa dubawa a jikinka ko da an yarda da sharuɗɗanka. In ka ga addu'a ta zama nauyi, in ka fara jin daɗin ba'ar da abokanka ke yi wa masu bi, in akwai rubutun da ba za ka so yarinyar da kake nema ta karanta ba, to lokacin tafiya ya yi, ko albashin nawa ne.

Game da fasto, na san dakatarwar ta yi maka zafi, musamman da ba a ce maka ga laifi ga ranar dawowa ba. Hakan bai dace ba, horon ikkilisiya ya kamata ya zo da dalili da hanyar komowa. Duk da haka kada ka ƙaurace wa sujada, kada kuma ka koma wani cocin cikin fushi. Ka nemi ganinsa, ka tambaye shi cikin ladabi me ake so a gani, ka nuna masa iyakokin da ka rubuta. Ka roƙe shi ya haɗa ka da mutum ɗaya mai zurfin bangaskiya kuma mai son karatu, wanda zai riƙa duba rubutunka kafin ka miƙa, ba don ya zama alƙali ba, don dai a sami mai ce maka "nan fa?" Faston da ya ga saurayi ya kawo kansa da kansa, da wuya ya ci gaba da rufe masa ƙofa. Daniyel ma ba shi kaɗai ya tsaya ba, yana da abokai uku.

Yarinyar nan kuma, "ina tare da kai" magana ce mai daɗi, amma ka tabbata ta san abin da take tare da shi. Ka gaya mata duk abin da ka gaya mini, har da yiwuwar ka bar aikin kuɗi ya ragu, har da yiwuwar ka zauna a ci gaba da surutu. Iyayenta ba za su natsu da bayaninka ba, sai sun ga ka daidaita da gidanku.

A ƙarshen 1785 wani saurayi ɗan majalisar Ingila, William Wilberforce, wanda bai daɗe da ba da gaskiya ba, ya je wurin wani dattijon fasto, John Newton, da tambaya irin taka, ko ya bar siyasa tunda ya zama na Almasihu. Newton ya ce masa ya zauna ya bauta wa Allah a inda yake. Ya zauna, ya yi shekara ashirin yana fama kafin a haramta cinikin bayi a 1807. Ni ba Newton ba ne, wasan talabijin kuma ba majalisa ba ce, amma shawarata ta fi karkata can: ka zauna, muddin iyakokin nan suna tsaye.

Wanda za ka fara gani dai mahaifinka ne, cikin wannan makon. Ka zaɓi lokacin da yake shi kaɗai. Kada ka je da Daniyel da Lozan a aljihu, ya riga ka sanin Littafi, gardama kuma za ta ƙara ƙulle shi. Ka zauna ƙasa ka ce, "Baba, akwai wurin da ka yi gaskiya," ka faɗa masa maganar gishirin nan da bakinka. Sannan ka nuna masa takardar, ka ce ya ƙara abin da ya ga ka manta, ka roƙe shi ya sa maka hannu ya yi addu'a. Mai yiwuwa ya ce shi dai ka bar aikin. In ya faɗa, kada ka yi musu, kada kuma ka yi alkawarin da ba za ka cika ba. Ka ce ka ji, ka roƙi ya ba ka wata shida ya ga abin da zai fito daga hannunka. Ka rubuto mini abin da ya ce, da abin da mai shirya wasan ya ce, mu ga inda za mu ɗora.